Shekarar da Na Kusa Sayar da Cigiya

Ku 'ya'yana, na daɗe ina jin abin da kuke faɗa wa baƙi idan hira ta biyo ta kan shafin Cigiya. Kuna cewa mahaifinku ne ya gina shi da hannunsa, kuma da wani kamfani ya zo saye, shi ya tsaya ya ce a'a. Ina jinku nake yin shiru, domin maganar tana yi mini daɗi. Yanzu ido ya fara gazawa, sai na ƙara wa rubutu girma kafin in ga abin da nake bugawa, saboda haka gara in gyara maganar da kaina tun ina iyawa. Ba haka aka yi ba.

A wancan lokacin shagona yana bakin tashar Gaya, teburi ɗaya, kwamfuta biyu, da farantin sola a kan rufi. Ba na ƙarƙashin kowa. Makarantar kuɗi a Kano za ta nemi a yi mata shafin intanet, in yi. Mai kantin magani ko dillalin hatsi zai kira, in yi masa nasa, ya sallame ni, mu rabu. Da tafireta na fara neman abinci, kwamfuta kuwa sai da furfura ta fara leƙowa na koye ta, shi ya sa aikina yake da tsabta amma ba shi da zurfi. Na san haka ko da ba na faɗa. Cigiya ba aikin kowa ba ne, ni na ɗora wa kaina. Wata damina shanun huɗar maƙwabcinmu Malam Sule suka tsinke igiya. Aka yi cigiya a masallatai, aka yi a kasuwa, mutumin nan ya yi ta yawo a babur har ya rame. Sai bayan mako uku aka ji ashe suna Kademi, a ɗaure a ƙofar gidan mai unguwa, ana ba su harawa ana jiran mai su. Kafin su dawo lokacin huɗa ya wuce, gonarsa ta kwana a wannan shekarar. Abin ya tsaya mini a rai. Na ce ga mai nema, ga wanda ya tsinta, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, kuma kowannensu da waya a aljihu. Na zauna na yi shafi, na sa masa suna Cigiya, na buga takardu na liƙa a tasha da kasuwa. Wata biyu ba wanda ya shiga sai ni da nake dubawa.

Akwai wani zaure da muke da shi a waya, mu masu wannan sana'a na Kano da kewaye, inda ake tura aiki a ga juna, wani ya nemi a taya shi, wani ya miƙa wa ɗan'uwansa aikin da ya fi ƙarfinsa. Na tura Cigiya a can. Aka yi ta sa mini albarka, har sai da wani saƙo ya shigo daga lambar da ban sani ba. Mai saƙon ta yi sallama, ta gaishe ni yadda ya kamata, sannan ta ce:

"Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Wanda saniyarsa ta ɓace ba zai zauna cike gurbi goma sha ba, wataƙila ma bai iya karatun boko ba. Sannan ka rubuta launi: fari, baƙi, ja. Farin sa a Ajingi kaɗai ya fi a ƙirga. Tunanin yana da kyau, amma wanda ya yi shafin bai taɓa bin shanu ba."

Na ji haushi na yini guda. Kashegari na tambayi ko wace ce, aka ce ai Malama Dije ce, 'yar Arɗo Buba, da take aure a Ajingi. Ta yi karatun kwamfuta a Kano, tana zaune a ɗakinta tana rubuta wa mutanen ƙasashen waje manhaja, waɗanda ba su taɓa ganin fuskarta ba amma ba sa son aikin kowa sai nata. Na hau mota na tafi. Mijinta, malamin firamare ne, ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, ta fito da kwamfutarta da goyo a baya. A zama ɗaya ta nuna mini ramuka a aikina da ni ban san akwai su ba, kuma ba ta yi shi da izgili ba. Idan ta nuna kuskure sai ta ce, ga yadda ni ma na taɓa yin sa. Na girme ta da shekaru masu yawa, amma ranar na koma ɗalibi, kuma ban ji kunya ba.

Wata huɗu muka yi muna sake ginin. Ita ta riƙe can ciki, inda ake ajiye bayanai da tantance su, ni na riƙe fuskar shafin da yawon wayar da kai. Ta cire rubutu kusan gaba ɗaya. Mutum zai danna ya yi magana da bakinsa, da Hausa ko da Fulatanci, sannan ya zaɓi hoto: ƙaho mai miƙewa ne ko mai lanƙwasa, tozo ya kwanta ko yana tsaye, tsagar kunne a dama take ko a hagu. Hotunan nan ita ta zana su, ta kai rugarsu ta nuna wa tsofaffi, suka yi ta gyara mata har sai da suka yarda. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta hango ɓarawo tun kafin ya zo. Ta ce duk wanda ya tsinci dabba zai ɓoye shaida guda, ba za a sa ta a shafi ba. Wanda ya ce tasa ce sai ya faɗi wannan shaidar, kuma ba za a haɗa su ba sai a gaban mai unguwa. Ni da zan yi shekara ina tunani ba zan kawo wannan ba. Domin a san inda za a tura sanarwa, sai da muka nemi makiyaya da manoma su ba mu lambar waya, da inda suke zaune, da kimanin abin da suke kiwo. Kun san Bafulatani ba ya faɗin yawan shanunsa. Amma suka faɗa, saboda 'yar Arɗo ce ta bi su ruga ruga ta ce ba inda maganar za ta je. Kafin damina ta zagayo an mayar da shanu, da jakuna, da tumaki, har da raƙumi ɗaya da ya ba mu dariya. Da gidan rediyo suka zo, ni suka samu a shago, ni na yi magana, sunana ya fita. Na ce wa Malama Dije ta zo, ta ce ita aikin ya ishe ta.

To a nan ne mutanen Abuja suka ji labari. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, ba su yi mini laifin komai ba, kasuwanci suka zo yi. Wani mutum mai fara'a ya zo har shago, ya sha fura, ya yaba aikin da gaske. Ya ce suna son su sayi Cigiya, su kai shi jihohi da yawa, ni kuma su ɗauke ni aiki da albashi da gida. Sharaɗinsu ɗaya ne, shafin zai zo da duk abin da ke cikinsa, har da sunaye da lambobi da wuraren zama da yawan dabbobi, domin suna da abokan hulɗa masu sayar da magani da masu ba da inshora da za su so a san su waye masu dukiya.

Ku tuna wannan ita ce shekarar da ɗan'uwanku Auwal ya sami gurbin karatun likita a wata jami'a mai zaman kanta. Takardar tana cikin akwatin Ummanku, ana fito da ita ana nuna wa duk wanda ya shigo. Ni kuwa na san abin da shagona yake kawowa ba zai ɗauki wannan karatu ba. Sai ga wannan mutumi kamar an aiko shi. Na dawo gida da la'asar na tarar da Ummanku tana tankaɗe, kakarku Hajiya tana zaune a kan buzu tana gyaran zogale. Na ba su labari tun ban cire takalmi ba. Ummanku ta ajiye rariya ta ce:

"Alhamdu lillahi. Malam, shekara nawa kana yi wa mutane aiki su ce za su kira ka? Allah ne ya dubi yaron nan."

Hajiya ba ta ɗago kai ba. Ta ce:

"Garba, yarinyar nan ta Ajingi ta sani?"

"Zan faɗa mata, Hajiya. Ai da sunana aka yi rajistar shafin."

"Ban tambaye ka sunan wa ba. Na ce ta sani?"

Na ce tukuna. Ta ce to, ta ci gaba da zogalenta. Auwal yana tsaye a ƙofar ɗaki, na ga fuskarsa, kuma fuskar nan ita ta raka ni har Ajingi.

Ga gaskiyar da nake so ku sani. Ban je wurin Malama Dije neman shawara ba. Na riga na ce wa mutanen Abuja na amince, an sa ranar sa hannu. Na je ne karɓar mabuɗin rumbun bayanai, domin ita kaɗai take da shi. A mota na shirya maganganuna tsaf: za a ba ta rabonta, shafin zai bunƙasa, mutanen kirki ne, akwai doka. Na zauna a zauren nan na zazzage mata su duka. Ta saurara har na gama, ɗanta yana wasa da gefen mayafinta. Na yi zaton za ta yi faɗa, ko ta ce ba za ta bayar ba, na ma tanadi amsar hakan. Sai ta yagi takarda ta rubuta kalmomin sirrin, ta ninke, ta ajiye a gabana.

"Ga shi, Baba. Tunanin naka ne tun farko, ba zan riƙe maka abinka ba. Rabona kuwa ka bar shi, ba na so. Alfarma ɗaya nake nema. Ni na shiga rugagen nan na ce ba inda maganarsu za ta je. Ranar kasuwa Baffana Arɗo da mutanensa za su zo kara. Ka zo ka faɗa musu da bakinka, kada su ji a wurin wani."

Na ce ai kamfanin ba ɓarayi ba ne. Ta ce:

"Na yarda. Amma takardar da ta nuna wane yana da shanu kaza, yana kwana a wuri kaza, ga lambarsa, idan ta bar hannunmu za ta bi hannu nawa? Ni na gina rumbun nan, na san ba a mayar da abin da ya fita. Ka san abin da ake yi wa masu shanu a wasu wurare. Mu nan Allah ya rufa mana asiri, ba a san mu ba."

Na ɗauki takardar na sa a aljihu. Ba na jin daɗin rubuta wannan, amma na ɗauka.

Ranar kasuwar Ajingi na je, don ba ni da hanyar ƙin zuwa. Na same su a gefen kara, ƙarƙashin wata tsamiya, su kusan goma, sanduna a kafaɗa. Arɗo Buba dogo ne siriri, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada ya tashi wani daga barci. Ya sa aka kawo mini nono, ya gode mini a kan karsanarsa da aka gano a bara. Wannan godiya ta ƙara mini nauyi. Na yi bayani, na yi ta kewaye-kewaye, har dai na fito da maganar. Wani ya yi magana da Fulatanci, Arɗo ya ɗaga masa hannu. Sannan ya dube ni ya ce:

"Malam Garba, mutanen nan za su san yawan shanuna?"

"Za su sani, Arɗo."

"Ƙanena da muke uwa ɗaya uba ɗaya bai sani ba. Dije kaɗai na faɗa wa. Ita kuma ta ce kai da ita abu ɗaya ne a wannan aiki, shi ya sa na saki jiki." Ya kalli ƙasa. "An ce ɗanka zai yi karatun likita. Allah ya sa albarka, muna bukatar likita. Ka yi abin da ka ga ya dace. Sai dai ka faɗa mana ranar, don mu san lokacin da za mu tashi daga inda muke."

Babu zagi, babu ɗaga murya. Da ya zage ni da na sami abin riƙewa. Mutumin nan ya zauna a rugarsa tun kafin a haifi Dije, ya haƙa rijiya, ya dasa mangwaro, 'ya'yansa suna makaranta, ga shi yana tambayata ranar da zai kwashe iyalinsa saboda sa hannuna. Na kasa shan nonon. Na yi musu sallama na taka zuwa tasha, takardar nan tana aljihuna kamar garwashi. Ban shiga motar Gaya ba. Na juya na nufi gidan su Dije, na ce wa mijinta ya yi mini sallama da ita. Da ta fito na miƙa mata takardarta, na ce na fasa.

Ba ta yi murna a fili ba, ba ta kuma ce ai na faɗa maka ba. Ta ce:

"Baba, yau ka fasa. Gobe wani zai zo da abin da ya fi wannan, wataƙila ni ce zan kasance cikin matsi a ranar. Mu cire abin daga hannunmu gaba ɗaya."

A nan na gane ta riga ta yi mako tana aiki a kan haka, ko da ba ta san yadda zan yanke ba. Ta sake tsara shafin yadda zai yi aiki ba tare da sanin yawan dabbar kowa ko takamaiman wurin zamansa ba, sanarwa ta riƙa tafiya gunduma gunduma kawai. Daga baya mijinta ya gaya mini cewa don ta sami lokacin wannan gyara ta ajiye wani babban aiki na mutanen waje, kuma ba su sake nemanta ba. Ita ba ta taɓa ambata mini ba har yau. Ta buɗe kwamfutar a kan tabarma, ta kawo wurin da za a goge tsofaffin bayanan, ta juyo da ita gabana. Na daɗe ina kallon allon. Sannan na yi bisimilla na danna.

Komawa gida ita ce mai wuya. Ummanku ta yi kwana uku ba ta ce mini komai ba bayan gaisuwa da ga abinci. A rana ta huɗu ta ce:

"Na san abin da ka yi daidai ne. Amma ka bar ni in ji zafinsa, kada ka ce sai na yi dariya."

Ban taɓa jin maganar da ta fi wannan adalci ba. Hajiya kuwa da na faɗa mata, cewa ta yi Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ba ta ce ya yi mini ba, kuma na fahimta. Mutanen Abuja suka amsa mini cikin ladabi, suka tafi suka yi nasu, ban san inda ya ƙare ba. A zaurenmu na waya wasu suka ce na yi wauta, wasu suka fara turo mana aiki ni da ita tare, kuma yawancin abin da na iya na kirki a wannan sana'a a shekarun da suka biyo baya na koye shi, a gefen tabarmar nan ta Ajingi.

Auwal, kai ka biya abin da ya fi na kowa. Gurbin ya wuce. Ka yi shekara biyu a gida kana sake jarrabawa, daga ƙarshe ka karanci aikin gwaje-gwajen asibiti, ba likitan da ka so ba. Ba ka taɓa ɗaga mini murya ba, amma na lura ka daina shigowa shago, kuma ban sami ƙarfin zuciyar zaunar da kai mu yi maganar ba. Na bar ku kuna ɗaukata gwarzo domin hakan ya fi mini sauƙi a kan in ce maka na sa makomarka a ma'auni, na ɗauka, na ajiye, na kuma ɗauka. Ban yi nadamar fasawa ba. Amma ban tambaye ka ba, kuma kai abin ya faɗa wa. Ka yafe mini.

Na sa sunan Malama Dije a ƙasan shafin sau biyu, sau biyu tana cirewa. Kwanan baya da ta zo duba ni da jikina ya matsa, na gaya mata ina rubuta wannan babi, kuma zan faɗi komai yadda ya faru. Sai ta ce:

"To Baba, idan za ka faɗi komai, ka rubuta cewa kai ka danna. Ni ba ɗana ne yake jiran makaranta ba a ranar."

Ga shi na rubuta, tunda ta roƙa. Amma idan kun haɗu da ita, ko a kasuwa ne, ku durƙusa ku gaishe ta.